Yadda ake tsare hujja da kai ƙara idan ana dukanki a gidan aure

Ana ta tambayata ta ina ake farawa. Ga matakan. Namijin da ake duka ma haka zai bi.

1. Ki fara barin inda mai dukan yake, ke da yara.
2. Ki je asibiti a ranar, ko da raunin ƙarami ne.
3. Ki faɗa wa likita wanda ya ji miki ciwon. A nan aka fi yin kuskure: kunya ta sa mace ta ce faɗuwa ta yi, likita ya rubuta haka, a kotu takardar ta juya ta kare mai dukan.
4. Ki karɓi kwafin rahoton likita.
5. Ki ɗauki hoton raunin, ɗaya daga kusa, ɗaya da fuskarki a ciki. Ki sake ɗauka bayan kwana biyu, domin taruwar jini takan fi fitowa daga baya.
6. Ki tura hotunan da saƙonnin barazanarsa wurin wadda kika amince da ita. Kada ki bar su a wayar da yake bincikawa.
7. Ki rubuta rana, lokaci da sunan wanda ya gani ko ya ji ihu.
8. Ki kai rahoto wurin 'yan sanda, ki karɓi lambar rahoton.
9. Ki nemi lauya, ko ofishin da ke ba da taimakon shari'a kyauta.
10. Ki tambayi lauyan yadda kotu za ta ba da umarnin hana shi kusantarki.

Gargaɗi: kada ki sanar da shi shirinki, ko cikin fushi. Lokacin tafiya ne haɗarin ya fi tsanani.