Zafin Makka da abun da ke cikin kanmu: kurakuran da muka fi yi

A can ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan wuri da likitoci ke kira haifotalamos, nauyinsa kusan gram 4 ne kacal amma shi ke kula da zafin jiki da ƙishirwa da yunwa da bacci, har balaga ma shi ke kunna ta. Tun jariri na ciki yake fara ginuwa, kuma ko bayan haihuwa bai gama saituwa ba. Mu da ke zaune Makka da Jidda da Madina kullum wurin nan cikin aiki yake, mu kuma muna ta ƙara masa wahala da hannunmu.

Aikinsa kamar mukayyif ne, wato na'urar sanyaya ɗaki, da aka saita a lamba ɗaya, tasa lambar wajen digiri 37 ce, in jiki ya haura sai ya saki zufa ya turo jini kusa da fata, in ya sauka sai ya kawo rawar sanyi.

Toh babban kuskuren da nake gani, wanda kuma yake kisa, shine ɗaukar bugun rana a matsayin zazzaɓi. Mutum ya dawo daga aiki ko daga Harami da azahar jiki rau, yana sambatu yana tangaɗi, sai ka ji ana cewa a aika yaro saidaliyya, wato kantin magani, ya sayo Panadol. Ba abu ɗaya bane wallahi. A zazzaɓi cuta ce ta shiga, garkuwar jiki ta aika saƙo, haifotalamos da kansa ya ɗaga lambar zuwa 39, shi yasa kake kyarma kana neman bargo alhali jikinka zafi, maganin kuma aikinsa ya sauko da lambar. A bugun rana kuwa lambar tana nan inda take, jiki ne kawai ya kasa fitar da zafin da ya tara, so babu abun da ƙwayar za ta sauko da shi, ƙila ma ta ƙara wa hanta nauyi a lokacin da hantar ke cikin wani hali. In zafin ya wuce 40 kuma hankali ya fara gushewa, a kai shi inuwa, a rage masa kaya, a yi ta kwara masa ruwan sanyi ana fifita, a sa ƙanƙara a wuya da hammata, wani kuma ya kira 997, lambar motar asibiti a Saudiyya, tun kafin a gama shawara. Kar a ɗura ruwa a bakin wanda baya cikin hayyacinsa, sai ya shaƙe. Kuma maganar wai tunda yana zufa ai ba bugun rana bane, ku bar ta, mai aikin ƙarfi yana iya faɗuwa jikinsa sharkaf. A Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Harami, hukumomi suka ce mutum 1,301 suka rasu, mafi yawansu waɗanda basu da tasrihi ne, wato izinin aikin Hajji, suka yi doguwar tafiya a rana. Na san tsoron rashin takardun zama ke sa wasunmu ɓoye mara lafiya a ɗaki, amma dan Allah takarda bata kai rai ba.

Su kuma iyaye mata sai su juya abun. Yaro na zazzaɓi a watsa masa ruwan firji, ko kuma Hajiya Kaka ta ce a lulluɓe shi da bargo biyu ya yi zufa. Ruwan ƙanƙara rawar sanyi zai ƙara masa, rawar kuma zafi take haifarwa tunda ƙwaƙwalwa na kan neman 39 ɗinta. Kaya marasa nauyi, nono ko ruwa akai-akai, magani daidai nauyin yaro, shikenan. Amma jaririn da bai kai wata 3 ba in zafinsa ya kai 38 asibiti ake nufa, ba a jira gobe.

Sai jiran ƙishirwa. Haifotalamos na auna kaurin jini, in ruwa ya ragu sai ya sa a saki wani sinadari da ke umartar ƙoda ta riƙe ruwa, shi yasa fitsari ke raguwa ya koma ja-ja, sannan ya tado maka ƙishi. Matsalar ita ce wannan ƙararrawar tana rauni da tsufa. Baba zai yi ɗawafi da sa'ayi ka miƙa masa Zamzam ya ce shi baya jin ƙishirwa, kuma gaskiya ya faɗa, baya ji ɗin, amma jikin ya bushe. Kar ka tambaye shi, zuba masa kawai ka tsaya har ya sha. Kalar fitsari tafi bakinsa faɗin gaskiya.

A azumi kuma mu ne masu ɗaga gora guda mu shanye ana dab da kiran assalatu. Ƙwaƙwalwa na ganin ruwa ya yi yawa sai ta rage wancan sinadarin, kafin hantsi ka fitsarar da mafi yawansa. A rarraba shan daga buɗa baki zuwa sahur. Mai aikin gini ko dako ya tuna zufa da gishiri take fita, ruwa zalla bai isa ba, a haɗa da laban, wato kindirmon sha, ko ruwan gishiri da sukari na saidaliyya. Mai ciwon zuciya ko ƙoda shi kam likitansa ne zai faɗa masa adadi.

Sabon zuwa ma kar a jefa shi rana ranar da ya sauka wai ai ɗan Sakkwato ne ya san zafi, jiki na ɗaukar sati ɗaya zuwa biyu kafin ya saba da aiki a irin wannan yanayin, ballantana Jidda da danshinta ke hana zufa bushewa. Ba a banza aka hana aiki a rana daga 12 zuwa 3 ba, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba.

Bacci a taƙaice: agogon jiki ma a nan yake, kuma da hasken da ke shiga ido yake saituwa. Mu kwana hira da waya, mu wuni a ɗaki labule a rufe, sannan mu ce bacci ya ƙi zuwa. Ka fita ka ga hasken safiya, ka rage fitila da dare. Jariri kuma ba rigima yake ba, agogonsa sai wajen wata 2 zuwa 3 yake fara bambance dare da rana.

In kuwa kana shan ruwa babu ƙaƙƙautawa, fitsari fari tas mai yawa dare da rana, an gwada suga an ce lafiya, musamman bayan buguwa a kai ko tiyatar ƙwaƙwalwa, ka gaya wa likita ya duba wancan sinadarin mai riƙe ruwa, akwai maganinsa.