Darasi na Tara: Duka Ba Bincike Ba Ne

Ran kasuwa akuya ta ɓace a wani ƙauye da ke ƙasar Gumel. Kafin la'asar 'yan sintiri sun kamo wani saurayi baƙo, suka ɗaure shi tamau a jikin dalbejiya, suka sa masa dorina. Wata tsohuwa ta kawo masa ruwa a moɗa, aka ce ta mayar. Mai unguwa ya ce, "Haba samari, ku sassauta masa mana." Suka ce, "Ranka ya daɗe, ɓarawo ba ya faɗin gaskiya sai ya ji jiki." Da wuya ta yi wuya, yaron ya ce shi ya ɗauka. Washegari aka tsinci akuyar cikin gonar dawa, igiyarta ta sarƙe a kututture.

To, me dukan nan ya gano? Wanda ake jibga zai amsa ko laifin da bai taɓa ji ba, don dai a ƙyale shi.

Sashe na 34 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya hana azabtar da mutum ko wulaƙanta shi. A 2017 aka yi dokar hana azabtarwa, wadda hukuncinta kan kai ɗaurin shekara 25, kuma jami'i ba zai fake da cewa "oga ne ya sa ni" ba. Iƙirarin da aka tatsa da duka ba hujja ba ne a kan mutum a kotu. Ba bulala kaɗai ce azaba ba: hana abinci, hana barci da rataye mutum duk suna ciki. Haka sa wa yaro mari a ƙafa da sunan gyaran tarbiyya. Irin gidajen da ake yin haka ne hukuma ta fasa a Kaduna da Daura a 2019.

Idan an kama naka, sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki ya ba shi damar yin shiru har ya ga lauya. Dole a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu tsakanin kilomita 40. Ba a kama uba a madadin ɗansa. Belin 'yan sanda kyauta ne, ko da yake mun san yadda ake yi. Ana iya kai ƙara ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa a Kano ko Dutse.

Kariyar nan ba ta tambayar addinin mutum. Sashe na 38 ya ba kowa 'yancin addininsa, Musulmi ne, Kirista ne, ko maƙwabcinka Bamaguje. Ko a makaranta ba a tilasta wa yaro darasin addinin da ba nasa ba, wanda iyayensa ba su amince da shi ba.

Aikin gida: rubuta sunan kotun da ta fi kusa da ƙauyenku, ka tambayi direban motar kasuwa kilomita nawa ne, ka kawo amsar a zama na gaba.