Falo, zaure da ɗakin baƙi: inda ake tuntuɓe a Turanci

Kalmar falo daga Turanci muka aro ta, daga "parlour", shi ya sa in aka tashi mayar da ita sai a ɗauka hanya a miƙe take. A Najeriya kam babu laifi. Ka ce wa dillalin gida kana neman "room and parlour", ya san ciki da falo kake nufi. Amma mutumin Ingila ko Amurka in ya ji kalmar, sai ya ji kamar kana ba da labarin gidan kakannin kakanninsa. Ta tsufa a can. Inda ta fi yawa yanzu shi ne sunayen wuraren sana'a: "beauty parlour" wurin gyaran gashi da kwalliya, "funeral parlour" kuma wurin da ake shirya gawa. Asalinta ma daga Faransanci ne, "parler", wato yin magana. Gyaran mai sauƙi ne: ka ce "living room", kowa zai gane. A Ingila ana kuma cewa "sitting room" ko "lounge". Sai dai a kula da rubutu, don sau da yawa ina ganin tallan gidan haya an rubuta "leaving room", ɗakin zama ya koma ɗakin tafiya ke nan.

Kuskuren da ya fi ba ni dariya shi ne na "guest room". Mu in mun ce ɗakin baƙi, yana iya zama wurin da maigida ke ganawa da mutane, da kujeru da darduma. A Turanci kuwa ɗakin kwanan baƙo ne, da gado da matashin kai. Ka yi tunanin Baturen da ya zo gaisuwar minti 10, ka ce masa ya wuce "guest room": zai fara tunanin ko kwana za a sa shi ya yi. Wurin ganawa, musamman a tallan gidaje na Ingila, "reception room" ake ce masa.

"Drawing room" ba ɗakin zane ba ne. Gajerta "withdrawing room" aka yi, ɗakin da matan manyan gidaje ke komawa bayan cin abincin dare, su bar maza a teburi. Yau a Ingila an fi jin ta a gidajen sarauta da na masu hannu da shuni, don haka kada ka laƙaba wa falonka mai kujera uku.

Zaure shi ne mai wuyar. Wasu sukan ce "hall", amma a gidan Ingila "hall" ɗan siririn wuri ne a bayan ƙofar shiga, inda ake rataye kwat a ajiye lema, ba a zama a ciki. Zaure kuwa nan maigida ke shimfiɗa tabarma, nan ake cin tuwon dare da maƙwabta, nan baƙo namiji ke tsayawa ya yi sallama ba tare da ya ga cikin gida ba. Kalma ɗaya ba ta ɗaukar wannan duka. Ni dai in ina rubutu nakan bar shi zaure, in bi shi da ɗan bayani kamar "entrance room where male visitors are received".