Yadda ake zaɓen kyamara ta biyu don ɗaukar hoton biki a Legas

Ɗaurin aure bai fi minti goma ba. Liman ya yi huɗuba, waliyyai su yi siga, a shafa fatiha, jama'a su miƙe. In kyamara ta tsaya a cikin mintocin nan, ba wanda zai sake tara mutane dominka. Kuma a Legas, mai hoton da ke aiki a Idi-Araba alhali kayansa na Agege ba zai je ya ɗauko wata ya dawo ya tarar da kowa ba. Wannan ne dalilin farko na riƙe kyamara biyu. Na biyun shi ne lensi: ɗaya ta riƙe mai faɗi, ɗaya mai jawo nesa, kada ka tsaya cirewa da sakawa a tsakiyar liƙi.

Fara da kamfani. In lensinka na Canon ne, ta biyun ma Canon; haka Nikon, haka Sony. Wanda ya gauraya zai sayi lensi kashi biyu, caja biyu, har abin tayar da filasha biyu, domin irin na Godox kowane kamfani da nasa. Mai tsofaffin lensin EF na Canon zai iya ɗora su a kan sababbin kyamarorinta na jerin R da adafta, fokas na aiki lafiya. Nikon ma na da adaftar FTZ, sai dai tsofaffin lensin AF-D ba sa yin fokas da kansu a kanta, da hannu za ka juya.

Mafi sauƙi shi ne ka sayi tagwayen wadda kake da ita. Yatsa ya riga ya san inda maɓallin ISO (mai ƙara wa hoto haske a duhu) yake, launin da suke fitarwa ɗaya ne, batir ɗaya. A hol mai duhu, amarya ta taso ana guɗa, ba lokacin duba menu ba ne. In kuɗin bai kai ba, nemi wadda ta gabace ta a gida ɗaya: mai R6 Mark II ya nemi R6, mai A7 IV ya nemi A7 III, mai 5D Mark IV ya nemi Mark III. In kuma sabuwar da za ka saya ta fi ta hannunka, to ita ce za ta zama ta farko, tsohuwar ta koma ta biyu.

Ramin katin ajiye hoto shi ne wurin da bai kamata a yi rowa ba. Kyamara mai rami biyu na rubuta kowane hoto a kati biyu lokaci guda, in ɗaya ya lalace ɗayan na nan. Canon R6, Sony A7 III, Nikon D750 da Z5 duk SD biyu gare su. Canon RP, R8 da 6D Mark II rami ɗaya ne. Nikon Z6 ta 2018 ma ɗaya ne, sai a Z6 II ta 2020 aka ƙara na biyu. Amma samun rami biyu bai isa ba, sai ka shiga menu ka zaɓi a rubuta a duka biyun, domin wasu na zuwa a saitin da sai kati ɗaya ya cika ake komawa ɗayan. Akwai tarko a 5D Mark III: ramin SD ɗinta na da nawa, in kana rubuta RAW (ɗanyen hoto mai nauyi, wanda ba a matse ba kamar JPEG) a katin CF da SD tare, za ta riƙa tsayawa tana haki bayan ɗauka a jere. Maganinsa ka tura RAW zuwa CF, JPEG zuwa SD. Katin 64GB na ɗaukar RAW wajen 2,000 a kyamara mai megafiksel 24. Ka sayi kati a shagon da ka yarda da shi, jabun kati ya yi yawa, kuma ba ya nuna halinsa sai ya kusa cika.

Batir na biye. Dangin LP-E6 na Canon na shiga 5D Mark II zuwa Mark IV, 6D da R6, amma RP da R8 ƙaramin LP-E17 suke ci, wanda ba ya daɗewa. A Sony, A7 III da A7 IV na amfani da NP-FZ100, ita kuwa A7 II ƙaramin NP-FW50 ne. Nikon ta sauƙaƙa, dangin EN-EL15 na aiki daga D750 har Z6 II. Ranar da aka haɗa ɗaurin aure da safe, wuni da yamma, dina da dare, ka tanadi batir uku ga kowace kyamara marar madubi (irin R6, A7, Z6), biyu ga mai madubi (irin 5D, D750). Kada ka dogara da soket ɗin hol. Ko akwai wuta, DJ da masu bidiyo sun riga ka.

Wasu na sayen mai ƙaramin senso (farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara) don arha. Ba laifi da rana, har tana ƙara wa lensi tsawo: 50mm a kan ƙaramar Canon na zama kamar 80mm, a Nikon da Sony kamar 75mm. Matsalar da dare take fitowa. Kamu da sa lalle sau da yawa a cikin gida ake yi, falo ɗaya da ƙwan fitila biyu, dole ISO ya haura 3200, a nan hoton ƙaramin senso ke yin yashi-yashi fiye da na babban. In ita kaɗai aljihu ya iya, ɗora mata lensi mai buɗewa sosai, f/1.8, ka ba ta aikin waje. Amma ka tambayi kanka: in ta farko ta mutu ƙarfe tara na dare, wannan za ta iya ƙarasa dinar ita kaɗai?

Yawancin masu hoto tokumbo suke saya, wato wadda aka taɓa amfani da ita, a Computer Village da ke Ikeja ko Alaba. Je da lensinka, katinka da cikakken batir. Fara da adadin ɗaukar da shata (labulen da ke buɗewa ya rufe a kowace ɗauka) ta yi: 5D Mark III da D750 an ƙiyasta musu 150,000, don haka wadda ta haura 120,000 sai in farashin ya sauka sosai. Na Nikon na cikin bayanan hoton kansa, na yawancin Canon sai an jona ta da kwamfuta. Ɗauki farar takarda ko sararin sama a f/16 ka faɗaɗa hoton. Ɗigon ƙura ana gogewa, amma zane-zane kamar saƙar gizo fumfuna ce, ka ajiye musu kayansu. Iskar Legas mai laima ce ke haifar da ita. Rufe lensin da murfi ka ɗauka na daƙiƙa kaɗan don ganin ɗigon ja ko shuɗi da ya mutu. Gwada kowane ramin kati shi kaɗai. A ramin CF leƙa da tocilan waya, fil ɗaya in ya lanƙwashe aiki ya tsaya. Ɗora filasha ka harba sau goma, ka girgiza ta a hankali ka ji ko mazauninta ya yi sako-sako. Juya kowane maɓalli. A rubuta lambar jikin kyamarar a rasit, ka nemi kwanakin gwaji kafin ciniki ya faɗa.

Kafin biki na farko, saita su su zama bakinsu ɗaya. Agogo tukuna, har daƙiƙa. In sun saɓa da minti uku, a kwamfuta za ka ga an yanka kek kafin ango ya shigo. Canja harafin farko na sunan fayil a ɗaya daga ciki, kada hotuna biyu su zo da suna ɗaya wani ya danne wani. Daidaita launin haske da lamba maimakon barin kyamara ta zaɓa, wajen 5200K a rana, 3200K zuwa 4000K ƙarƙashin fitila mai ja-ja, in ba haka ba leshin ankon ƙawaye zai fito kala biyu, kuma uwar amarya za ta lura. Wutar Najeriya 50Hz ce, fitilun LED na hol na ƙyaftawa da ita, shi ya sa ake ganin ratsi-ratsi a hoto. Yi amfani da saurin shata 1/100 ko 1/50, kunna saitin hana ƙyaftawa in akwai, ka kashe shata marar ƙara. In an koma janareta, sake gwadawa.

Rabon lensi ya danganta da hannu. Wasu 24-70mm a ɗaya, 70-200mm a ɗaya. Wasu 35mm da 85mm, sun fi sauƙi kuma sun fi son duhu. Lensin 70-200mm f/2.8 na EF kaɗai ya kusa kilo ɗaya da rabi, don haka nemi maɗaurin kafaɗa mai ɗaukar biyu, ka duba kusoshinsa duk bayan 'yan awanni, suna kwancewa da kansu. A cunkoson liƙi, dafe wadda ke rataye da gwiwar hannu.

In ka fito daga mota ko hol mai sanyin AC zuwa zafin waje, gilashin zai yi raɓa. Bar kyamarar cikin jaka a rufe minti goma kafin ka buɗe. A gida kuma ajiye su a akwatin roba mai murfi da ƙullin silika, ka riƙa busar da silikar in ta canja launi, musamman a watan Yuni da Yuli.