Yadda zaka tantance labarin mutuwar jaruma kafin ka tura wa wani

Da zarar an ce wata jarumar fim ta rasu kwatsam, kafin gari ya waye wasu sun riga sun gano wanda ya kashe ta da dalilin kisan, har da bidiyo mai kidan tausayi. To in kana son sanin abinda ya faru da gaske ba wai hira kawai ba, ga yadda zaka bi.

Fara da duba ranar da aka rubuta labarin, in da hali har awa. Labarin da ya fara fita shi yafi kowane rauni. Jarumar Indiya Sridevi ta rasu a Dubai daren 24 ga Fabrairu 2018 tana da shekara 54, abinda aka fara yadawa shine bugun zuciya, sai bayan kwana biyu rahoton likitocin binciken gawa ya fito yace nutsewa tayi a bahon wanka na dakin otal, kuma tsautsayi ne. Nan fa mutane suka ce ai kun gani sun canza magana, akwai lauje cikin nadi. Amma duba da kyau, maganar farko daga bakin dangi ta fito ana cikin rudewa, ta biyu kuma daga takardar hukuma, ba mutum daya bane yayi baki biyu.

Daga nan sai ka raba duk abinda ka karanta gida uku: abinda takarda ta fada wato rahoton likita da na yan sanda da hukuncin kotu, sai abinda wanda yake wajen ya fada da bakinsa, sai na uku "wata majiya tace". Wannan na ukun ni dai bana ko kirga shi, majiyar da bata da suna kowa ma zai iya zama ita, har mai rubutun kansa.

Sannan ka nemi inda fayil din ya kwana, nan ne yawancin mutane suke gajiya don babu dadin ji. Na Sridevi ofishin mai gabatar da kara na Dubai ya rufe shi cikin kwanaki kadan, kotun kolin Indiya kuma taki amincewa da bukatar a sake bincike a shekarar. Divya Bharti ta fado daga hawa na biyar a unguwar Versova ta Mumbai ranar 5 ga Afrilu 1993, yarinya yar shekara 19 tana tsakiyar tashe, yan sanda suka rufe binciken a 1998 a matsayin hatsari, babu wanda aka gurfanar, amma har yau sai kaga bidiyo a YouTube ana nuna mijinta da yatsa kamar mai bidiyon yana dakin.

Kar kuma ka dauka duk mai tambaya dan gulma ne. Natalie Wood ta Amurka ta nutse a ruwa kusa da tsibirin Catalina a 1981, aka ce hatsari, a 2011 aka sake bude binciken, a 2012 aka gyara takardar mutuwarta aka kara cewa akwai wasu dalilan da ba a tantance ba. Kaga hukuma da kanta ta koma baya, amma ko a nan ba a tuhumi kowa a kotu ba. "Ba a tantance ba" daban, "ga wanda ya kashe ta" daban, kar ka bari a hada maka su a jimla daya.

Hoton da aka ce na gawa ne ko na dakin, saka shi a Google Lens, manhajar bincike da hoto, tukuna, sau da yawa zaka tarar daga wani tsohon fim aka yanko shi.

In zaka tura, rubuta wanda ya fada da ranar da ya fada, ka cire sunan duk wanda kotu bata kama da laifi ba daga layin zargi. Hoton gawa kuwa bar shi a inda ka ganshi, akwai danginta da suma suna rike da waya.