"An goge maƙalata": kurakuran da ke haddasa rigimar madogara a Wikipedia, da yadda ake gyara su

Maƙalar farko da na rubuta a Wikipedia ba ta yi kwana biyu ba. A kan wani malamina ce, mutumin da ya shekara talatin yana karantarwa, kuma na raba dare ina zuba masa sakin layi takwas. Washegari na buɗe sai na tarar da wani akwati a saman shafin yana cewa za a goge. Raina ya ɓaci, na garzaya shafin tattaunawa na rubuta: "Wannan mutum kowa ya san shi, ku da ba ku san shi ba ne kuke son share shi." Amsar da aka ba ni layi ɗaya ce: "Wace jarida ko wane littafi ne ya yi bayani a kansa?" Na sake kwararo jerin alheransa, aka sake yi mini tambayar nan. A lokacin na ɗauka raini ne. Daga baya na gane ni ina ta magana a kan mutum, shi kuwa editan magana yake a kan takarda, shi ya sa ba mu haɗu a ko'ina ba.

Kusan duk rigimar madogara, wato jarida ko littafin da ake kafa hujja da shi, daga nan take farawa. Ƙa'idojin da zan ambata na Wikipedia ta Turanci ne, wadda aka buɗe ranar 15 ga Janairun 2001. Kowane harshe yana da 'yancin tsara nasa, ƙananan sukan fi sassauci, amma akasari daga can suke aro.

Ɗaukar shahara a matsayin cancanta

Ƙa'idar da ke tantance wanda ya cancanci maƙala akan fassara ta da "shahara", kuma fassarar ta ɓatar da mutane da dama. Ba ruwan ƙa'idar da yawan mabiyanka a Instagram, ko yawan waɗanda suka kalli bidiyonka a YouTube, ko ma girman aikin da ka yi wa jama'a. Abin da take tambaya shi ne: an yi bayani mai zurfi a kan abin, a kafofi fiye da ɗaya, waɗanda ake amincewa da su, kuma waɗanda ba su da alaƙa da shi? Sharuɗɗan nan tare suke tafiya. Shafin intanet na kamfani yana da bayani mai zurfi a kan kamfanin, amma yabon kai ne. Babbar jarida da ta jero sunan mutum cikin mahalarta taro abin amincewa ce, amma ambato ne kawai.

Gyaran shi ne a juya aikin. Sabon edita yakan rubuta abin da ya sani tukuna, sannan ya fita farautar madogarar da zai liƙa. Tsofaffin hannu madogara suke fara tarawa, su karanta, sannan su rubuta abin da ke cikinsu kaɗai. In ka nema ba ka samu guda uku masu nauyi ba, ka huta da rubutun tun kafin ka fara.

Akwai kuma masu ganin yawa shi ne ƙarfi, su jibga madogara arba'in a maƙala mai sakin layi uku. Mai dubawa zai buɗe biyar na farko, ya ga shafin Facebook, da IMDb, shafin bayanan fina-finai wanda masu amfani da shi ne ke cika shi, da sanarwar manema labarai guda ɗaya da shafuka goma suka kwafa kalma da kalma, sai ya yanke cewa sauran ma haka suke. Sanarwar da aka kwafa sau goma madogara ɗaya ce, ita ma daga bakin mai abin ta fito. Hira ma haka: abin da mutum ya faɗa game da kansa ba ya zama shaidar wani don an buga shi a jarida. Ni abin da nake yi, in buɗe kowace madogara in duba sunan wanda ya rubuta, in duba ko kafar tana da editocin da ke tace labari da gyara kuskure, sannan in ƙirga layukan da suka yi magana a kan mutumin, ban da maganar bakinsa. Sau da yawa layi biyu ke saura.

Babban suna ma ba ya wadatarwa. A Fabrairun 2017 editocin Wikipedia ta Turanci suka yanke shawarar daina dogaro da jaridar Daily Mail ta Birtaniya, duk da yawan masu karanta ta. Rubuce-rubucen da masu ba da gudummawa daga waje ke sakawa a shafin Forbes ma ba a karɓarsu kamar na ma'aikatan mujallar. Akwai dogon jerin kafofin da aka sha tattaunawa a kansu, da hukuncin da aka yanke wa kowace. Duba shi kafin a fara musu yana rage ɓacin rai.

"Ai da idona na gani"

Wannan ya fi kowanne ciwo, domin sau da yawa mai faɗar haka gaskiya yake faɗa. A 2012 marubucin nan na Amurka, Philip Roth, ya nemi a gyara abin da aka rubuta game da mutumin da ya gina tauraron wani littafinsa a kansa. Aka ce masa an yarda shi ne ya fi kowa sanin littafinsa, amma ana buƙatar madogarar da aka wallafa. Sai ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa a mujallar The New Yorker a watan Satumba, wasiƙar ta zama abin da za a iya nunawa, aka yi gyaran. Mutane sun yi ta dariya, ni kuwa ina ganin editocin ba su yi laifi ba. Wanda ke zaune gaban kwamfuta ba shi da hanyar sanin waye a ɗaya ɓangaren. A 2007 asirin wani babban edita mai laƙabin Essjay ya tonu: ya daɗe yana cewa shi farfesan ilimin addini ne, har yana kafa hujja da digirorinsa a wajen musu, ashe matashi ne ɗan shekara 24 da ba shi da ko ɗaya. Saboda haka "ni ɗansa ne" ko "fannina ne" ba ya motsa kowa. In kana da ilimin abin, amfaninsa shi ne ka fi kowa sanin littafin da za a ɗauko da shafin da za a buɗe.

In maganar a kan rayayyen mutum ce, tsaurin ninki ne. A 2005 wani ya rubuta ƙarya a shafin ɗan jarida John Seigenthaler, cewa an taɓa zarginsa da hannu a kisan John Kennedy da ɗan'uwansa Robert, ƙaryar ta zauna kusan wata huɗu. Bayan wannan ne aka hana marasa rajista ƙirƙirar sabbin maƙaloli, aka kuma tsaurara dokar tarihin masu rai. Yau zargin da ba shi da madogara cire shi ake yi nan take, ba a jiran tattaunawa. In an cire maka irinsa, kada ka mayar.

Madogarar da ta sha daga rijiyarka

A Fabrairun 2009 aka naɗa Karl-Theodor zu Guttenberg ministan tattalin arzikin Jamus. Mutum ne mai dogon jerin sunaye, sai wani ya cusa "Wilhelm" a tsakiyarsu a Wikipedia ta Jamusanci. Kafofi irin su Spiegel Online da Bild suka kwafa. Da wasu editoci suka yi shakka suka cire sunan, sai aka dawo da shi, aka kafa hujja da Spiegel. Maganinsa sauƙi ne amma ana mantawa: gwada ranar da aka wallafa madogarar da ranar da jimlar ta shiga maƙalar, tarihin shafi yana nuna wannan. In jaridar ce ta zo daga baya, kalmominta kuma iri ɗaya ne da na maƙalar, ka yi shakka. Wayback Machine, shafin da ke adana tsofaffin kwafin shafukan intanet, na taimakawa wajen ganin yadda shafi yake a da, da kuma ceto mahaɗin da ya mutu.

Ɗan'uwan wannan kuskure shi ne madogara ta ƙwarai a ƙarƙashin jimlar da ba ta faɗa ba. Jarida ta ce "ana zargi", edita ya rubuta "ya aikata". Ko a ɗauko gaskiya daga nan, wata daga can, a haɗa a fitar da hukuncin da babu wanda ya wallafa shi. Sa lambar shafi, kuma in musu ya taso kwafo ainihin jimlar madogarar zuwa shafin tattaunawa kowa ya gani.

Tufka da warwara

Ka saka, an cire, ka mayar, an sake cirewa. Dokar ita ce kada mutum ya warware gyara fiye da sau uku a shafi ɗaya cikin awa 24, na huɗu yakan jawo a dakatar da asusunsa, galibi na kwana ɗaya a karon farko. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar ukun nan kamar rabon da aka ba ka kullum. Ana dakatar da wanda bai kai uku ba in an ga ja-in-ja yake yi, kuma admin, wato editan da ke da ikon dakatarwa, ba ya tambayar wa ke da gaskiya kafin ya dakatar. Nauyin kawo hujja yana kan wanda ke son magana ta zauna, ba kan wanda ya cire ta ba.

Da an cire maka sau ɗaya, tsaya ka tafi shafin tattaunawa. Kada ka rubuta "me ya sa kake bibiyata?" Rubuta irin wannan: "Na ga ka cire jimlar shekarar da aka kafa makarantar. Ga littafin da na samo ta, shafi na kaza, ga abin da ya ce. Matsalar daga littafin ne ko daga yadda na tsara jimlar?" Ka sa hannu da alamar ~ guda huɗu. Tambayar ƙarshen nan ta kashe mini rigima fiye da a ƙirga, domin tana ba ɗayan hanyar sauka ba tare da jin kunya ba. In ku biyu ne kun kasa, akwai wurin neman ra'ayin mutum na uku, akwai zauren tantance madogara, akwai kuma gayyatar ra'ayin jama'a wadda takan ɗauki kwana 30.

Kwana bakwai na muhawarar gogewa

Muhawarar da ake yi kafin a goge maƙala ba zaɓe ba ce, kuma rashin sanin haka ya kashe maƙaloli da yawa. Mutum ya tura wa abokansa saƙo a WhatsApp, sababbin asusu goma su zo su rubuta "a bar ta, mutumin kirki ne". Wanda zai rufe muhawarar nauyin hujja yake aunawa, kuma ganin asusun da ba su taɓa gyara komai ba sai ya ƙara masa zargi. Wanda ya buɗe asusun boge don ya mara wa kansa baya, akwai masu izinin bincika bayanan na'ura, in an kama shi har asusunsa na gaskiya zai tafi. "Ai wane ma yana da maƙala" shi ma ba ya ci, iyakarsa a je a duba ta wanen. Abin da ke ci shi ne ka ajiye mafi ƙarfin madogararka guda uku, ka faɗi abin da kowace ta ƙunsa, ka yi shiru. In ba ka da su, roƙi a mayar da rubutun daftari, amma ka sani daftarin da ya yi wata 6 ba a taɓa shi ba ana share shi.

In kuɗi aka biya ka, ka bayyana. Tun Yunin 2014 sharuɗɗan Gidauniyar Wikimedia suka wajabta haka. A 2015 an toshe asusu 381 a bincike guda, na wasu da ke karɓar kuɗi a hannun mutane da ƙananan kamfanoni da alkawarin buga musu maƙala ko kare ta daga gogewa. Babu mai ikon sayar maka da wannan alkawari.

Masu gogewa ma suna kuskure

A Satumban 2007 Jimmy Wales da kansa, ɗaya daga waɗanda suka kafa Wikipedia, ya fara gajeriyar maƙala a kan Mzoli's, wani gidan nama a Gugulethu kusa da Cape Town. Minti 22 aka goge ta, sai da aka kai ruwa rana ta dawo. A Mayun 2018 aka ƙi karɓar daftari a kan Donna Strickland ta Jami'ar Waterloo a Kanada, wai madogarar ba ta nuna cancanta ba, alhali ta taɓa shugabantar babbar ƙungiyar masana kimiyyar haske a 2013, kuma masana suna da ma'auninsu na daban. A Oktoba ta ci kyautar Nobel a fannin fiziks, mace ta uku da ta ci ta a fannin bayan Marie Curie da Maria Goeppert Mayer.

Ƙa'ida ta ce cancanta tana rataye da samuwar madogara a duniya, ko da ba a riga an sa su a maƙalar ba. Ba dole su kasance a intanet ba, ba dole su kasance da Turanci ba. Wanda ya buga suna a Google sau ɗaya da haruffan da bai dace ba, ya ce "babu komai", bai yi binciken da aka ɗora masa kafin neman gogewa ba, kuma kana da damar faɗa masa haka cikin ladabi. Gaskiya ne tsarin yana danne al'ummomin da tarihinsu a baki yake, ko jaridunsu ba su shiga intanet ba. Ina cikin masu wannan kuka. Sai dai ban taɓa ganin kukan ya ceci maƙala a cikin kwana bakwan nan ba, abin da na ga ya ceta shi ne sunan tsohuwar jarida da ranar fitowarta da lambar shafi. Editan da asusunsa ya kai wata 6 da gyara 500, in yana ci gaba da aiki kuma ba a dakatar da shi ba, yana iya shiga ɗakin karatun Wikipedia ya karanta mujallun bincike da rumbunan jaridu kyauta.

Ta nan na koma neman malamina bayan shekaru. Abin da na samu sakin layi ɗaya ne a wani littafi kan tarihin makarantar da ya koyar. Bai isa maƙala ba, amma ya isa jimla biyu a cikin maƙalar makarantar, da lambar shafi a ƙarshensu. Suna nan har yau, babu wanda ya taɓa su.