Kauri ba iri ɗaya ba ne: kurakuran da muke yi da gasara, kuɓewa da zuma

Toh jama'a, yawancinmu mun ɗauka duk abu mai kauri ƙarfi yake so, ka dama da ƙarfi ka buga da ƙarfi shikenan. Wallahi ba haka ba ne.

Na farko dai gasara. Da asuba kina sauri yara za su lakol, kin zuba ruwa kaɗan kin kama juyawa da ƙarfi sai ta ƙame kamar siminti har cokali na neman lanƙwashewa, kina sakin hannu kuma ta narke tana zuba. Ba lalacewa ta yi ba, ƙananan ƙwayoyin sitacin ne suke cunkushewa in aka matsa musu da sauri, kamar masu moto a ƙofar babbar kasuwar Garwa kowa na son wucewa lokaci ɗaya. Ki bi ta a hankali da yatsu, kina ƙara ruwa kaɗan kaɗan har ta saki, sannan ki sheƙa tafasasshen ruwa, mai ɗumi ɗumi ba ya dafa koko.

Kecof na kwalba shi kuma akasin haka ne, in an bar shi yana zaune daram, sai an girgiza yake saki. Masu dukan gindin kwalba su ne yake kwararo musu rabi a kan soyayyen dankali. Girgiza shi da murfi a rufe, ka karkata kwalbar kawai. Kada a ƙara masa ruwa don Allah.

Miyar kuɓewa ita ce ta fi ba ni dariya. Yauƙin nan dogayen zarurruka ne da ido ba ya gani, sun sarƙe da juna, shi ya sa in ka karkata ludayi kaɗan ta fara zuba sai sauran duk su biyo, ni dai na taɓa ɓata farar riga ranar Juma'a a haka. Ana datse ta ne da bakin ludayi ko a murɗa hannu. Masu kukan miyarsu ba yauƙi kuma, tsamin tumatir ne ya kashe shi ko an bar ta ta daɗe a wuta.

Zuma fa ba ruwanta da girgiza, zafi take ji. Wadda aka kawo daga Ngaundere in ta daskare lokacin hunturu ba wai jabu ba ce, sukarin cikinta ne ya yi ƙanƙara. Tsoma kwalbar a ruwan ɗumi, kar dai a ɗora ta a wuta.